Gwamna ba ya iya dawo da mai laifi daga Kamaru

Jama'ar Gombe, duk lokacin da wani ya cinye kuɗin 'yan kasuwa ko ya kora shanun mutane ya tsallaka ta Mubi zuwa Kamaru, sai a cika Facebook da cewa gwamna ya sa a kamo shi. Gwamna ba shi da wannan hurumin, kwamishinan 'yan sanda ma haka. Tsarin mulkin 1999 ya ajiye batun miƙa masu laifi tsakanin ƙasa da ƙasa a hannun gwamnatin tarayya kaɗai, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraronsa, ƙarƙashin dokar miƙa masu laifi ta 1966.

Idan wata ƙasa ce ke neman mutum a nan, buƙatar kan biyo ta hanyar diflomasiyya zuwa ga Antoni Janar na Tarayya, shi kuma ya kai gaban alƙali. Alƙalin ba ya yanke ko mutumin ya aikata. Abin da yake dubawa shi ne ko laifin laifi ne a ƙasashen biyu, ko hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara 2, ko takardun sun inganta, ko kuma bi-ta-da-ƙullin siyasa, addini ko ƙabila ne aka lulluɓe. Bayan umarnin kotu ana jiran kwana 15 kafin a miƙa shi, don ya samu damar ƙalubalanta. Wanda ke da shari'a a nan gida ba a tura shi sai an gama, shi ya sa a 2022 kotu a Abuja ta yi watsi da buƙatar miƙa ɗan sanda Abba Kyari ga Amurka, tunda shari'arsa da NDLEA ba ta ƙare ba.

Idan mu ne masu nema, a nan muke faɗuwa, kuma tun daga ofishin 'yan sanda na unguwa. Dole a haɗa sammacin kotu, da takardar tuhuma mai ɗauke da sashen dokar da aka karya, da rantsuwar shaidu, da hoto ko zanen yatsu, sannan a fassara su zuwa Faransanci in Nijar ko Chadi za a kai. Amma sai ka ga an rubuta suna iri biyu, babu ranar haihuwa, shaidu sun watse saboda dangi sun zo an yi sulhu. Wane alƙali a Yamai zai sa hannu a kan wannan? Jar sanarwar Interpol da ake ta ambato ma ba sammacin kamu ba ce, roƙo ne a gano inda mutum yake a tsare shi na ɗan lokaci.

Ga kuma giɓin yarjejeniya. Ta ECOWAS ta 1994 ba ta shafi Kamaru da Chadi ba, Nijar kuwa ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Ƙasashe da dama masu bin tsarin Faransa ba sa ma miƙa ɗan ƙasarsu, sai dai su yi masa shari'a a can, in mun aika hujjoji.

Masu cewa a bi ta bayan gida kawai, su tuna Umaru Dikko, tsohon ministan da aka sace a Landan aka sa a akwati don a dawo da shi Najeriya, aka gano akwatin a filin jirgin Stansted a 1984. Dikko bai dawo a akwatin ba, dangantaka da Ingila ta yi tsami shekaru. A ganina kuɗin da jihohi ke kashewa a motocin sintiri, da an ware wani abu a horar da masu bincike da lauyoyin ma'aikatar shari'a kan haɗa irin wannan fayil, domin da fayil ɗin jiha Abuja ke fita nema.