Malamin da ya bar asibiti

Ƙarfe biyu na dare zazzaɓi ya rufe maiɗakina a nan birnin Yogyakarta na tsibirin Jawa a ƙasar Indonesiya, maƙwabcinmu ya kwashe mu a motarsa sai asibiti. Tun daga ƙofa nake kalle-kalle. Babura a jere reras, mai gadi ya rusuna yana nuna mana hanya da babban yatsa yadda mutanen Jawa ke yi don ladabi, ma'aikatan jinya cikin hijabi iri ɗaya suna magana ƙasa-ƙasa, ga ɗan masallaci a ciki da silifas a bakin wurin alwala. A bango akwai tambarin rana, an rubuta Muhammadiyya da Larabci a tsakiya, kusa da shi hoton wani dattijo mai rawani. Na tambaya ko wani sarki ne. Maƙwabcin ya ce, "Malam Ahmad Dahlan ke nan. Asibitin na ƙungiyarsa ne."

Malami, kuma abin da ya bari asibiti! Wallahi har asuba maganar tana cina.

An haife shi a 1868 a unguwar Kauman, gindin babban masallacin Sarkin Yogyakarta, inda daga baya ya zama mai huɗuba. Fataucin atamfar batik yake yi. A Makka ya haɗu da rubuce-rubucen Muhammad Abduh na Masar, ya dawo da ra'ayin cewa Musulmi su koma ga Alƙur'ani da Sunna, kuma su daina gudun ilimin zamani don kawai Turawan Holan ne suka zo da shi. Da ya ce masallatan garin sun kauce wa alƙibla, rushe masa ɗan masallacinsa aka yi. Da ya sa tebur da kujera da baƙin allo a makarantarsa, aka ce ya kafirta. A 1912 ya kafa ƙungiyar Muhammadiyya, a 1917 aka buɗe reshen mata mai suna Aisyiyah tare da matarsa Siti Walidah, a 1923 kuma, shekarar rasuwarsa, ƙungiyar ta buɗe ɗakin shan magani na farko don talakawa. Yau tana da asibitoci sama da 100 da manyan makarantu sama da 150.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na surar Ara'aita. Ana cewa ya yi ta maimaita wa almajiransa ita har suka gaji, suka ce sun haddace, sun san ma'ana, a wuce gaba. Ya tambaye su ko sun yi aiki da ita. Sai ya tura su su nemo marayu da miskinai, su yi musu wanka, su tufatar da su, su ciyar da su. Mu wane yaro ne bai iya surar nan ba kafin ya kai bakwai? Sau da yawa ma wanda ke riƙe da roba a ƙofar gidanmu ya fi mu iya ta.

Ban ce gida ba a yin komai ba. Akwai ƙungiyoyin addini masu makarantu da ɗakunan shan magani, Allah ya saka musu. Wajen hadda kuwa, ban ga wanda zai ja da gardin tsangaya a nan ba. Amma mu gaya wa juna gaskiya, ƙarfinmu ya fi tafiya a raddi. Wannan ya yi wa wancan, wancan ya rama, mu kuma muna ta turawa a WhatsApp, idan malam ya rasu sai a gaji muryarsa da rigimarsa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne mun riga su. Nana Asma'u ta rasu a 1864, kafin a haifi Dahlan, ta bar jajis, wato malamai matan da ta horar, suna bin ƙauyuka suna karantar da 'yan taru, wato matan da ke taruwa don karatu. Duk sanda na faɗa wa abokan karatuna wannan sai su yi mamaki, sannan su tambaye ni ina jami'arta take. Su 'yan Muhammadiyya abin da suka riƙe shi ne wakafi: fili in an bayar, da sunan ƙungiya ake rubuta shi, ba ɗan da zai zo ya ce gadonsa ne.

Kakanmu ma ya ware fili a bayan gidanmu, ya ce na makaranta ne, a gaban shaidu ya faɗa. Ba a rubuta ba. Bara aka kira ni a waya cewa baffanninmu sun raba shi, har an fara zuba harsashin shaguna, wai ni da ke nesa ba sai an ji ta bakina ba.