Ƙwannafi ba gyambon ciki ba ne

Wani marubuci da na karanta ya yi gaskiya da ya ce ƙwannafin da ya daɗe ciwo ne, amma bai bambanta shi da gyambon ciki ba, alhali a nan Tawa duk zafin ƙirji sunansa olsa. A ƙwannafi, bakin tumbi ne yake saki, ruwan tsami ya hauro maƙogwaro, musamman ga wanda ya cika ciki da tuwo da yaji, ya bi da shayi mai kauri, ya miƙe a tabarma nan take. Masu ba da shawarar jiƙa kanwa, sauƙinta na ɗan lokaci ne. Omeprazole kuwa, maganin rage ruwan tsamin ciki, kafin karin kumallo ake shansa. Wanda haɗiya ta fara yi wa wuya, ko yake ramewa, me yake jira bai ga likita ba?