Alhaji Umaru na Karaci: laifi ne malami ya koya wa Nasara Hausa?

Duk lokacin da aka yi zancen malaman da suka zauna da Turawan mulkin mallaka, sai ka ji wani ya yi tsaki ya ce ai 'yan barandan Nasara ne. Ni ban yarda da wannan hukunci na bai-ɗaya ba, kuma hujjata ita ce rayuwar Alhaji Umaru ɗan Abubakar, limamin Kete-Karaci a ƙasar Gana ta yau.

A Kano aka haife shi wajajen 1858, amma asalin gidansu Kabi ne. Mahaifinsa farke ne mai bin hanyar Gwanja, inda Hausawa ke zuwa sayen goro. Umaru ya yi karatu mai zurfi a ƙasar Hausa, sannan ya bi ayari har Salaga, wadda a lokacin ita ce uwar kasuwar goro. Yaƙin basasar da ya ɓarke a 1892 ya watsa garin, fatake suka tarwatse, shi ma daga baya ya sauka Kete-Karaci a bakin kogin Volta, inda Jamusawa ke da bariki. Can ya zama limami, ya buɗe makaranta, ya zauna har Allah ya yi masa rasuwa a 1934.

A Salaga ya haɗu da wani Bajamushe, Gottlob Krause, wanda mutanen zango ke kira Malam Musa. A Karaci kuma ya zauna da Adam Mischlich, tsohon ɗan mishan da ya koma jami'in mulki. Alhaji Umaru ya koya wa Mischlich Hausa, ya kuma riƙa rubuta masa bayanai da ajami a kan tarihin garuruwa, sarautu, sana'o'i, aure, noma, fatauci da yadda ake zaman duniya a ƙasar Hausa kafin zuwan Bature. Mischlich ya fitar da ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906.

To, nan mai suka zai ce: ka gani ko? Ya ba maƙiyi makami. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin Baturen da ya ji Hausa ya fi iya karɓar haraji. Sai dai Jamusawa sun riga sun kafa tuta kafin Umaru ya buɗe baki, kuma ba ƙamus ne ya ci ƙasar ba, bindiga ce. Abin da ya rage ga mazauna zango shi ne ko mai mulkin zai ji ƙararsu da kunnensa, ko kuwa sai ta bakin tafinta wanda zai iya juya magana yadda ya so. Wanda ya taɓa tsayawa gaban alƙalin da ba ya jin harshensa ya san bambancin.

Kuma mutumin nan bai ɓoye abin da ke ransa ba. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara, yana lissafa garuruwan da suka faɗa hannunsu ɗaya bayan ɗaya, cikin takaici. Wanda ya sayar da kansa ba ya rubuta irin wannan. Ya yi waƙa a kan talauci, yadda matsiyaci ko gaskiya ya faɗa ba a saurarensa. Ya yi wata a kan annobar murar 1918 da ta kwashe jama'a. Limami ne da ke wanke gawa da safe, ya raba gardama da azahar, ya karantar da nahawu da la'asar, don haka alƙalaminsa bai yi nisa da halin da mutanen zango ke ciki ba. Tun yana saurayi ma littafin da ya fara haɗawa na koyar da rubuta wasiƙa ne da Larabci, abin da farke da sarki duk suke buƙata.

Wani abu da ke burge ni shi ne bai raina Hausa ba. Malamai da yawa, har yau, suna ganin ilimi sai da Larabci, Hausa kuwa ta kasuwa ce da hira. Shi da ya ƙware a Larabci har yana waƙa da shi, ya ga ya dace ya zauna ya rubuta yadda ake rini da jima da harshen marina da majema. Ba don haka ba, da abubuwa da dama game da rayuwar talakan Kano da Sakkwato a ƙarni na 19 sun bi iska, domin yawancin abin da aka rubuta a zamanin labarin sarakuna ne da yaƙe-yaƙe da fiƙihu.

Inda laifin yake, a ganina, wajenmu ne. Douglas Ferguson ya yi digirinsa na uku a Amurka a 1973 a kan waɗannan rubuce-rubuce. Stanislaw Pilaszewicz na Jami'ar Warsaw a Folan ya share shekaru yana nazarinsu, ya buga su a littafi. Akwai kwafin wasu a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon. Amma shiga ajin Hausa a sakandare a Kano, garin da aka binne cibiyarsa, ka tambayi ɗalibai wane ne Alhaji Umaru, ka ga hannu nawa za a ɗaga. Tsohon garin Karaci kansa, inda ya yi limanci, ruwan tafkin Volta ya shanye shi bayan an gina madatsar Akosombo a shekarun 1960.