Kafin a kai ga 'yan sandan jiha, ina ciyaman da kansila?

Duk ranar da aka yi wani ƙwacen waya mai tayar da hankali, ko gobara ta lashe layi guda a kasuwa, abu ɗaya muke yi a nan Facebook. Wasu su zagi gwamna, wasu su zagi shugaban ƙasa, kowa gwargwadon jam'iyyarsa, daga nan a koma tsohuwar muhawarar nan ta 'yan sandan jiha. Da wuya ka ga wanda ya ambaci kansilan mazaɓarsa ya ce, Honorabul, muna neman bayani. Da yawanmu ko sunansa ba mu sani ba. Alhali jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kowace mazaɓa da kansilanta, kuma duk wata ana biyansa. A birni da kewaye kaɗai ciyamomi takwas gare mu: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso da Ungogo.

Na san amsar da za su bayar, domin kullum ita suke bayarwa: tsaro ba hurumin ƙaramar hukuma ba ne. Akwai gaskiya a ciki. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a Najeriya, ba a yarda a kafa wata ba. Gwamna kansa, da ake yi wa kirari da babban jami'in tsaron jiha, idan ya ba kwamishinan 'yan sanda umarni, sashe na 215 ya ba kwamishinan damar ya ce sai an ji ta bakin Abuja tukuna. To ina ga ciyaman? Baturen 'yan sandan yanki ba a ƙarƙashinsa yake ba, ba shi ya kawo shi ba, ba shi zai ɗauke shi ba. 'Yan kwana-kwana na jiha ne, akwai kuma na tarayya. Hisbah ta jiha ce tun dokar 2003, KAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa ma ta jiha ce. Duk wannan na yarda.

Amma jama'a, ku buɗe wannan tsarin mulkin dai, ku je can ƙarshe, jadawali na huɗu, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma. Za ku tarar da kasuwanni da tashoshin mota. Za ku tarar da titunan cikin unguwa, fitilun kan hanya da magudanan ruwa. Za ku tarar da raɗa wa tituna suna da sanya wa gidaje lamba. Akwai kula da shaguna da kes-kes da gidajen burodi da wuraren sayar da abinci. Ba a rubuta kalmar tsaro a wurin ba, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban gidan da yake ci da wuta ya san a kan waɗannan abubuwan rai yake tsira ko ya salwanta.

Bari in faɗi abin da na gani a unguwarmu cikin wani hunturu. Wuta ta tashi a wani gida bayan sallar isha'i, an ce hita aka bari a bokiti aka ɗauke wuta, da aka dawo da ita ba kowa a ɗakin. Wani matashi ya samu lambar masu kashe gobara ya kira, ina tsaye kusa da shi. Tambayar farko da aka yi masa ita ce, ina ne wurin? Sai ya shiga kwatance: idan kun wuce masallacin Juma'a, kwana ta biyu, akwai mai shayi, sai ku yi hagu, ba lungun farko ba, na gaba. A daren nan mai shayin bai fito ba. Motar ta zo, ta wuce, ta dawo. Da aka tare ta aka nuna musu lungun, sai ga shi ba ta shiga, domin wani ya fito da dakalinsa cikin hanya, wani ya kafa kwantena a bakin lungun yana sayar da katin waya da lemo, kwatar da ke tsakiya kuma a buɗe take. Dole suka tsaya a titi suka yi ta jona mesa. Kafin ruwa ya isa, matasa da bokitai da ƙasa sun riga sun yi abin da za su iya, ɗaki uku sun tafi. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, wasu yara sun fara ɗaukar dutse za su jefi motar wai sun makara, sai da dattawa suka tsawatar.

To a cikin wannan labarin, wanne ne laifin masu kashe gobara? Lungun ba shi da suna, gidan ba shi da lamba, hanyar an cinye ta da gini, kwatar ba murfi, fitilar titi ta mutu tun ba a san ranar ba. Kowanne a cikin waɗannan yana cikin wancan jadawalin. Mai kwantenar nan kuwa ba ɓoye yake ba, masu yankar tikiti sun san shi sarai, suna zuwa karɓa.

A kasuwa abin ya fi muni. Waɗanda suka ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 ba za su manta ba, dubban shaguna suka ƙone, mutanen da suka kwana da jari suka tashi ba ko sisi. A farkon shekarar 2016 ɗin dai kasuwar Singa ma ta sha wuta. Bayan kowace gobara tsarin ɗaya ne: ziyarar jaje, alkawarin tallafi, kwamitin bincike, sai shiru. Dalilan kuwa ba sa canzawa. Hanyar da aka bari don mota an yanka ta an yi shaguna, tebura sun toshe sauran, wayoyin lantarki sun sarƙe a sama kowa ya jona yadda ya ga dama, janareta da jarkar fetur suna kwana a cikin shago tare da atamfa ko katifa. Idan tankin motar kashe gobara ya ƙare, sai ta fita neman ruwa, wutar kuma ba jira take yi ba. Na san manyan kasuwanni irin su Sabon Gari da Kantin Kwari gwamnatin jiha ce take naɗa masu kula da su. Amma ƙananan kasuwannin unguwanni fa, da tashoshi, da 'yan kasuwar bakin titi? Wanda yake karɓar kuɗin rumfa shi ya kamata ya amsa tambayar ina hanyar mota, ina rijiyar burtsatse, ina tankin ruwa. Su ma 'yan kasuwa ba zan wanke su ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya sayi shago a tsakiyar hanya ya san hanya ce ya saya.

Yanzu kuma an samu sabon haɗari, shagunan ɗura gas a tsakiyar gidaje, wani ma jikin mai suyar awara. Wa ya ba su izini? Wa yake zuwa dubawa?

Mu koma kan dare da 'yan daba. Gaskiyar da kowa ya sani ita ce, a yawancin unguwannin Kano ba ɗan sanda ne yake gadin mutane da dare ba, 'yan sintiri ne. Matasa ne da magidanta, da tocila da usur da gora, ana bi gida-gida ana tara musu abin da ya sawwaƙa duk wata. Wallahi suna ƙoƙari, wasunsu sun rasa rayukansu a wannan aikin, iyalansu ba fansho ba diyya. Amma mu faɗi ɗaya ɓangaren. Wa yake tantance wanda zai shiga? Idan sun kama yaro da zargin sata, awa nawa aka yarda su riƙe shi kafin su miƙa shi caji ofis? Idan suka yi masa dukan da ya karya shi, daga baya aka gano ba shi ba ne, uwarsa wurin wa za ta kai kuka? Mai unguwa zai ce a yi haƙuri, baturen 'yan sanda zai ce ba yaransa ba ne, sakatariyar ƙaramar hukuma kuwa ko rajistar sunayensu ba lalle ka samu ba. Ga aikin da ba ya bukatar a gyara tsarin mulki: rajista, katin shaida, ɗan horo, alawus ko yaya yake, da wurin kai ƙorafi.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a ba ciyaman 'yan sanda. A'a. Mun taɓa yin haka a ƙasar nan. Kafin sojoji su karɓi mulki a 1966, En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, tana da 'yan dokarta, da kotunan alkalai da gidan yari duk a hannunta. Ku tambayi dattawan da suka yi NEPU tare da Malam Aminu Kano abin da suka gani a hannun 'yan doka: kamu a kan taron siyasa, ɗauri, bulala. Wannan yana cikin dalilan da suka sa a zamanin Gowon aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan Najeriya. Ku dubi yadda siyasarmu take a yau, yadda wasu 'yan siyasa suke kiwon yaran da muke kira 'yan daba don ranar zaɓe, sannan ku ce a ƙara musu da kaki da bindiga. Ni dai ba da ni ba.

Abin da nake nema ya fi wannan sauƙi. Ina son a samu zama a fili, ko da sau ɗaya ne duk wata uku, a harabar sakatariya ko a filin makarantar firamare. Ciyaman ya zauna, kansiloli su zauna, hakimi da dagatai da masu unguwanni su zo, a gayyaci baturen 'yan sanda da shugaban ofishin kashe gobara mafi kusa da kwamandan Hisbah da shugaban 'yan sintiri. Ƙofa a buɗe, mata su shigo, matasa su shigo. Baturen 'yan sanda ya faɗi ƙorafi nawa aka kawo masa, mutum nawa aka kama, nawa aka kai kotu, nawa aka saki kuma don me. A tambaye shi gaba da gaba: an rubuta beli kyauta ne a bangon ofishinku, me ya sa ake cewa mu kawo na takarda? Me ya sa idan an kira ku da dare ake cewa ba mai a mota? Idan da gaske ba man, nawa ake bukata a wata, kuma ciyaman ya faɗi nawa yake bayarwa, don mu daina jin ana cewa ana taimaka wa jami'an tsaro ba tare da adadi ba. Shi ma na kashe gobara ya faɗi motoci nawa ne suke tashi a ofishinsa, waɗanne lunguna ne motarsa ba ta shiga, a ina yake ɗiban ruwa. A rubuta, a manna a bango, a sa a intanet. Zama na gaba a fara da karanta alkawuran baya.

Ba baƙon abu na kawo ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin haɗa kai da al'umma, kuma tun kafin ta akwai kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a da ake kira PCRC. Ana kuma yin taron tsaro a ƙananan hukumomi. Matsalar ita ce a rufe ake yinsa, manya da manya, a sha lemo a ɗauki hoto. Wanda aka yi wa ƙwace a bakin gada ba ya ciki, matar da ɗanta ya kwana uku a tsare ba ta ciki.

Za a ce min ciyamomin nan ba su da kuɗi, sai abin da aka yaga musu daga asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi da sashe na 162 ya tanada. Za a ce ayyukan ma jiha ta karɓe: shara ta koma REMASAB, izinin gini yana KNUPDA. Haka ne. Za a kuma ce ba mu muka zaɓe su ba, tunda an saba duk jam'iyyar da take riƙe da gidan gwamnati ita take cinye kujeru 44 kaf, an yi haka a 2018 da 2021, an sake yi a 2024 bayan mulki ya canza hannu. Wannan ma haka ne, kuma shi ya sa ciyaman ya fi tsoron fushin gwamna a kan fushin unguwa. Amma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko ana bin hukuncin ko ba a bi, mu da muke ƙasa muna da haƙƙin mu tambaya nawa ya shigo, ina ya tafi. Sannan kiran taro ba ya cin miliyoyi. Rubuta lamba a ƙofar gida fenti ne da buroshi, ɗaliban sakandare ma za su yi shi cikin hutu idan mai unguwa ya tsaya. Hana mutum kafa kwantena a bakin lungu ba kuɗi yake bukata ba, sai dai a haƙura da kuɗin tikitinsa da ƙuri'arsa.

Akwai wani abu da ba a cika lissafa shi cikin tsaro ba, amma masu kashe gobara sun san shi, domin su ake kira. Ku riƙa duba rahoton da hukumarsu take fitarwa, ba gobara kaɗai ba ce a ciki, akwai kiran ceto, kuma da yawansa yara ne da suka faɗa rijiya ko kududdufi. Da damina ta sauka kududdufan cikin gari da ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini sai su cika, almajirai da yaran unguwa su tafi wanka ko wanki. Kowane mai unguwa ya san ramukan da ke yankinsa ɗaya bayan ɗaya, ya san wanda ya taɓa cin rai. Kansila ya karɓi wannan jerin kafin ruwan farko, a katange wanda za a iya katangewa, a cike wanda za a iya cikewa, sauran a gaya wa malaman tsangaya da iyaye. Wanda yake da lambar kansilan mazaɓarsa ya tura masa wannan rubutun, ya tambaye shi ramuka nawa ne a mazaɓar tasa.