Sharar da na juye a kwata bayan sallar asuba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Da kaina zan fara wannan nasiha, don ni aka kama.

Daren jiya ina cikin masu cika baki a Facebook kan Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da ke Azare a jihar Bauchi. Wani ya sa hotunan ɗalibai sanye da fararen riguna, na rubuta dogon sharhi, na ce Alhamdu lillahi, ƙasar Katagum ta samu abin da ta daɗe tana jira. Da asuba aka goce da ruwa. Ina dawowa daga masallaci na ga kwata ta cika tana gudu, sai na ɗauko bokitin shara na juye a ciki, wai ruwa ya tafi da ita. Ina ɗago kai sai ga 'yata a bakin zaure. Ta ce, "Baba, gidan wa za ta je?" Wallahi na rasa amsa, alhali na san gidan. Gidan makwabcina ne na gangare, wanda muke sahu ɗaya da shi mintoci kaɗan da suka wuce.

A 2021 gwamnatin tarayya ta amince da kafa jami'ar nan tare da takwararta ta Ila-Orangun a jihar Osun, kuma ga babban asibitin tarayya na Azare a kusa inda ɗalibai za su ga marasa lafiya da idonsu. Abin farin ciki ne, ba na musu. Amma ku tuna me ya faru a shekarar 2021 ɗin dai. Amai da gudawa ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma jihar Bauchi na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Cutar nan ta baki take shiga, daga ruwa ko abincin da bayan gida ya taɓa. Wa ya kai bayan gidan cikin ruwan? Ba aljani ba ne. Mu ne, masu tsugunar da yara a bakin kwata, masu haƙa masai dab da rijiya, masu fitowa daga bayi mu tsoma hannu a kwanon tuwo ba sabulu ba toka.

Karatun lafiya kuwa ba yau ya zo mana ba. Tun 1932 ake da makarantar koyon aikin tsafta a Kano, wadda ta riƙa yaye duba-gari. Tambayi kakarka ta ba ka labari. In an ce duba-gari ya shigo unguwa, mata sai wanke randuna, don zai leƙa ya ga ko 'ya'yan sauro na iyo a ciki, in ya gani a ci maigida tara. Daga baya Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da likitanci a 1967, yau ga jami'a sukutum ta lafiya kaɗai. Makarantu sun yi ta ƙaruwa, mu kuma da tsoron tara ya kau sai muka saki tsintsiya. Ashe don duba-gari muke shara, ba don Allah ba? Wannan tambayar ce ta hana ni karyawa yau.

Kuma abin da ya fi ba ni kunya, duk mun haddace. Mun san tsarki rabin imani ne. Mun san Manzon Allah (SAW) ya tsoratar da mu kan yin bahaya a hanyar mutane da inuwarsu, ya kuma ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce. Mutum zai wanke kowace gaɓa sau uku a alwala, ya fesa turare, ya fito ya wurga ledar fiya-wata ta tagar mota. Hajiya, ɗakinki kamar a lashe, amma ruwan wankin kashin jariri a lungu kike watsawa inda 'ya'yan wasu ke wasa. Alhaji, ka gina bene, ka saki bututun bayi kan titi. Haba dai!

Kowannenmu burinsa ɗansa ya zama likita a kira shi Dakta. Allah ya cika mana burin. Sai dai likitan nan ƙarin ruwa zai sa wa yaron da sharata ta kwantar, wani ya tashi, wani kafin a kai shi asibiti ya tafi. In yaron makwabcina ne, me zan ce ranar da za a tsayar da ni da ubansa?

Don Allah 'yan'uwa, mu ji tsoron Allah a kan kwatar ƙofar gidajenmu. Ni dai na ari shebur, na kwashe abin da na iya tararwa, na je na nemi yafiyar makwabcina. Ya yi dariya ya ce ai shi ma na ƙasa da shi yake turawa. Mun yi alkawarin fita yashe kwatar ranar Asabar da safe. Don Allah, kafin ruwan gaba ya sauko, ka leƙa taka.