"Ai an riga an gwada ta": maganar da ke durƙusar da manyan kwamfutoci

Ranar 19 ga watan Yuli 2024 kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya tura wani ɗan ƙaramin fayil zuwa na'urorin kwastomominsa, kafin ka ce kwabo kwamfutoci masu Windows kusan miliyan 8.5 sun tsaya cak, a ƙiyasin Microsoft. Jirage sun kasa tashi, asibitoci sun ɗage tiyata, bankuna sun rikice. Ba kutse aka yi musu ba fa. Fayil ɗin ya nemi bayanai guda 21 alhali 20 ake ba shi, kuma manhajar da aka ɗora wa aikin tantancewa ta bar shi ya wuce. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne bayanin da kamfanin ya fitar da kansa, cewa sun dogara da gwajin da aka yi tun watan Maris da kuma cewa an sha tura irin wannan fayil ba a samu matsala ba.

To nan gizo ke saƙar. A ganina sabuwar manhaja ba ita ce ta fi haɗari ba, don kowa ido a buɗe yake da ita, ana duba ta ana sake dubawa. Wadda ake cewa ai wannan ta daɗe tana aiki, ko ai ɗan gyara ne kawai, ita ce ke shammatar mutane.

Roket ɗin Ariane 5 na Turai ya tarwatse a sama ranar 4 ga Yuni 1996, kimanin sakan 40 da tashinsa daga tashar harba roket ta Kourou da ke Kudancin Amurka. Manhajar da ke lissafin inda roket ɗin ya dosa an ɗauko ta ne daga Ariane 4, inda ta yi shekaru tana aiki lafiya lau, sai dai sabon roket ɗin ya fi tsohon gudu a kwance, lambar da aka samu ta fi ƙarfin ɗan gurbin ajiya (mai bit 16) da aka tanada mata a cikin kwamfuta, kwamfutar ta daina aiki. Akwai ta biyu da aka ajiye don ko ta kwana, amma manhaja iri ɗaya ce a cikinta, ita ma cutar ɗaya ta kashe ta, hasali ma ita ta fara faɗuwa. Kwamitin bincike ya gano ba a gwada wannan ɓangare da ainihin bayanan tafiyar Ariane 5 ba. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai raina ya ɓaci, domin aikin shekaru da taurarin ɗan adam huɗu suka ƙone a kan abin da gwaji guda zai iya tonawa a ƙasa.

Haka kamfanin cinikin hannun jari Knight Capital a Amurka ranar 1 ga Agusta 2012, sabar takwas gare su, wato manyan kwamfutocin da ke gudanar da aikin, aka saka sabuwar manhaja a bakwai aka manta ɗaya, tsohon kod, wato umarnin manhaja, da ke kwance a cikinta ya farka ya dinga saye da sayar da hannun jari babu ƙaƙƙautawa, cikin minti 45 dala miliyan 440 ta tafi.

Shi yasa nake ganin gwajin manhajar banki ko ta jirage ko ta wutar lantarki bai kamata ya tsaya a kan tambayar ko tana aiki ba. A gwada ta da nauyin da za ta ɗauka a zahiri, a cusa mata gurɓataccen bayani da gangan, a kashe sabar ana tsakiyar aiki a ga ko ta ajiya za ta karɓa, kamar yadda Netflix ke yi da Chaos Monkey, manhajar da aikinta kawai ta dinga kashe musu sabar don a san inda rauni yake. Kuma duk lokacin da aka canja wa tsohuwar manhaja muhalli, a ɗauke ta a matsayin baƙuwa.

Na san abin da manajoji za su ce, gwaji na cin kuɗi da lokaci, kuma a harkar tsaro in ka yi jinkirin kwana ɗaya masu kutse sun shige. Gaskiya ne, ban raina wannan ba. Amma tura apdet, wato sabon gyaran manhaja, ga kwamfutoci ƙalilan tukuna a jira a ga yadda suka yi kafin a saki ga kowa, ai ba kwanaki yake ci ba, kuma CrowdStrike ɗin ma shi suka yi alƙawarin komawa yi bayan ɓarnar ta auku. Matsalar ita ce a wurare da yawa mai gwaji ba shi da ikon cewa a dakata, rahotonsa kawai yake rubutawa, wanda ke da ranar ƙaddamarwa a wuya shi ke yanke hukunci. Ni dai da za a ji tawa, sa hannun mai gwaji ya zama sharaɗi kafin komai ya fita, ko da layi ɗaya aka taɓa. A wancan Yuli an janye fayil ɗin CrowdStrike cikin ƙasa da awa biyu, amma sai da injiniyoyi suka bi kwamfutoci da yawa ɗaya bayan ɗaya suna goge shi da hannu, kamfanin jirage na Delta kaɗai ya soke tashi kusan 7,000.