Ba rashin kamara ce matsalar fim ɗin nan ba

Jama'a, don Allah ku daina cewa "ai yara ne, ba su da kayan aiki." Gajeren fim ɗin da ɗalibanmu na Jidda suka saka a guruf da kamara mai tsada aka ɗauke shi, kowa ya ga hotunan da suka riƙa turowa lokacin ɗauka. Har jirgin ɗaukar hoto daga sama suka yi haya. Abin da babu shi ne labari. Ka gama kallo tsaf, ba ka san abin da yaron da ke cikin labarin yake nema ba.

Raina ya ɓaci ne saboda yaran nan suna da hazaƙa, mu kuma muna ta yi musu tafi a kan abin da zai cuce su.

Ƙannena, kafin ku taɓa kamara ku amsa wannan: wane ne mutuminku, me yake so, me ya tare masa hanya? Farkon fim ya nuna mana buƙatarsa, tsakiya ta matse shi har ya rasa mafita, ƙarshe ya yanke shawarar da za ta ci masa wani abu. Duk tatsuniyar da kakanninmu suka ba mu haka take tafiya. Gizo yana jin yunwa, akwai mai tsaron gona, sai dabara. In ba ku iya faɗin labarinku a jimla biyu ba, ba ku shirya ɗauka ba tukuna.

Wani ya ce min ai fim hoto ne. Na ji. To wane hoto? A fitowar da uba da ɗa ke gardama, kamara ta tsallake layin da ake ƙaddarawa ya haɗa mutum biyu masu magana, ta koma ɗaya ɓangaren, sai ga su duk suna kallon gefe guda kamar da wani na uku suke faɗa. Ku tsaya a ɓangare ɗaya na layin, wannan ba ya cin ko riyal. Ku nuna mana ɗakin daga nesa mu san inda muke, sannan ku matso fuska lokacin da magana ta yi zafi. Sauti kuwa, ƙarar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ta cinye rabin zancen. Ku kashe shi, ku kawo makirufo kusa da baki, ku jure zufar.

Masu cewa Saudiyya ce ba ta da tarihin fim, wannan ma ba hujja ba ce. Gaskiya sai a 2018 aka sake buɗe gidajen sinima a nan bayan fiye da shekara 30. Amma tun 2012 Haifaa al-Mansour ta fitar da Wadjda, wasu fitowar ma daga cikin mota ta ba da umarninsu a titunan Riyad. Labarin me? Yarinya tana son keke. Shi ke nan, kuma duniya ta kalla. A Kano ma, 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa da kamarar bidiyo suka yi Turmin Danya a 1990. Ga bikin finafinan Red Sea tun 2021 a garin nan namu, ku nawa kuka je kuka zauna kuka kalli gajerun finafinan wasu da biro a hannu?

Labari, ƙannena. Ku zauna ku rubuta, ku karanta wa mahaifiyarku, in ta tashi ta nufi kicin kafin ku gama, ku sake rubutawa.

Wani abu kuma da ya dame ni: me ya sa kowa a fim ɗin yake Hausar rediyo? A gidajenmu na Jidda da Makka ba haka muke magana ba. Uwa ta yi faɗa da Hausa, ɗa ya amsa da Larabci, kaka ta sako kalmomin da ta ɗauko a Sudan lokacin da suka biyo ta can a hanyar hajji. Tsofaffin nan suna ta ƙarewa, kuma ban ga wanda ya ajiye waya a gabansu ya naɗi muryarsu ba. Mai kaka irin wannan a gida ya yi min magana ta ciki, ina da makirufo zan ba da aro.